Kafin a ce ƙwan lantarki ba ya cutar da muhalli

Duk wanda ya taɓa cire murfin ƙwan lantarki irin na yanzu, wanda ake kira LED, ya ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu launin rawaya jere a kan faranti. Da yawa suna zaton rawayan nan shi ne fitilar. Ainihin abin da ke ba da haske yana ƙarƙashinsa, ƙanƙani ne ƙwarai, kuma haskensa shuɗi ne. Rawayan wata hoda ce da aka kwaɓa da danƙo aka lulluɓe shi da ita. Aikinta ta haɗiye wani kaso na shuɗin hasken ta mayar da shi rawaya, ragowar shuɗin ya ratsa ya wuce, idan biyun suka gauraya sai ido ya ga fari. Kusan duk farin hasken da ke cikin tocila da wayar hannu da fitilar sola da fitilun kan titi ta wannan dabara ake samun sa.

Dabarar daga Japan ta fito. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura a kamfanin Nichia, su ne suka shawo kan matsalar shuɗin haske bayan an daɗe ana fama da ita. Nakamura ya fitar da shuɗi mai ƙarfi a 1993, Nichia ya fara sayar da farin LED a 1996, sannan aka ba su ukun kyautar Nobel a 2014. Ita kuwa hodar, wadda ake kira YAG, ta girmi wannan aiki da nisa, domin tun 1967 masu bincike a kamfanin Philips na Holan suka haɗa ta. Ribar da aka samu babba ce. Tsohon ƙwai mai zare yana ɓarar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha a matsayin zafi. Idan aka auna da lumen, wato ma'aunin yawan haske, da ƙyar yake ba da 15 a kan kowane wat guda, doguwar fitilar ofis ta ba da kamar 70, LED mai kyau kuwa ya haura 100 cikin sauƙi. Mu da muka san hayaƙin aci-balbal da baƙin da fitilar kananzir ke bari a hanci ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mai shayi da mai tsire da ɗalibin da ke bitar karatu da dare duk sun amfana, kuma ƙaramin faifan sola da ɗan batir ba su isa su haskaka ɗaki tsawon dare ba in ba don ƙwan yana shan wuta kaɗan ba.

Yanzu dakunan bincike a Sin da Japan da Amurka da Turai sun duƙufa neman abin da zai maye gurbin wannan hoda, kuma kusan kowane sabon sinadari da aka sanar ana liƙa masa lambar cewa ba ya cutar da muhalli. Ina goyon bayan binciken ɗari bisa ɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne saurin liƙa lambar. A ganina ba a isa a kira wani abu mai tsabta ba sai an bi shi tun daga ramin da aka haƙo shi har zuwa bolar da zai ƙare a cikinta, kuma bolar da ya kamata a auna da ita irin tamu ce, inda babu motar da ke zuwa kwashe matattun ƙwayaye, sai yaro ɗan jari-bola da buhunsa.

Dalilin neman canji a fili yake. Hodar YAG tana ɗauke da itiriyam da seriyam, biyu daga cikin ma'adanai 17 da ake kira masu wuyar samu. Wahalarsu tana wajen rarrabe su, saboda a cakuɗe suke zuwa, kuma sai an yi ta wanke su da asid kafin kowanne ya fita shi kaɗai. A kusa da birnin Baotou na arewacin Sin, inda ake sarrafa abin da aka haƙo daga mahaƙar Bayan Obo, akwai tafkin dagwalon masana'antu mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 10, cike da laka mai ɗauke da toriyam, sinadari mai fitar da tururin nukiliya. Shi kuma itiriyam yawancinsa daga wani irin yumɓu ake samo shi a lardin Jiangxi na kudancin Sin da jihar Kachin ta Miyanma. Ana huda tsauni a ɗura masa ruwan sinadari, a tare abin da ya tsiyayo a ƙasa, ragowar ya bi rafukan da mutane ke sha da shayar da gonaki. Mutanen waɗannan wurare suna cikin waɗanda suka biya kuɗin hasken da muke morewa, kuma ba a tambaye su ba.

Amma a faɗi gaskiya, tausayin manoman Kachin ba shi kaɗai ne ya sa gwamnatoci ke zuba kuɗi a wannan bincike ba. Sin ce ke tace kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan ma'adanai a duniya. A 2010 ta rage yawan abin da take fitarwa, farashi ya yi tashin gwauron zabo a shekarar da ta biyo baya. A 2023 ta sa takunkumi kan fitar da galiyam, wanda da shi ake yin zuciyar shuɗin LED ɗin kansa, sannan a watan Afrilun 2025 ta ƙara da wasu ma'adanai bakwai, har da itiriyam. Ƙasar da ke neman kuɓuta daga dogaro da wata tana da hujjarta, ban ga laifinta ba. Sai dai abin da ya raba Amurka da dogaro da Sin daban, abin da ya raba yaro da guba daban, kuma a takardun talla sau da yawa ana haɗe su a kira su da suna ɗaya.

Akwai kuma matsalar ja. Shuɗi da rawaya kaɗai suna ba da fari mai sanyi wanda babu ja sosai a cikinsa, shi ya sa a ƙarƙashin ƙwai mai araha tumatir da nama suke fitowa kamar sun koɗe, shi ya sa kuma mai sayen atamfa a Kantin Kwari yakan fito da turmi bakin ƙofa ya duba launinsa a hasken rana. Domin gyara wannan ake ƙara jar hoda, kuma wadda aka fi amfani da ita tana buƙatar yurofiyam, wanda ya fi seriyam ƙaranci da tsada nesa ba kusa ba. A nan an ci wata nasara ta haƙiƙa. Akwai jar hoda da ake kira KSF, wadda kamfanin General Electric ya yi fice wajen inganta ta, da manganis take aiki, babu ma'adinin nan mai wuyar samu ko ɗaya a cikinta, kuma tuni tana cikin allunan talabijin da wayoyi masu yawa. To amma wajen haɗa ta ana amfani da asid na fulorin, ɗaya daga cikin ruwaye mafi hatsari ga ma'aikaci, sannan ita kanta ba ta son laima sai an yi mata rufi na musamman.

Sauran 'yan takarar suna dakin gwaji har yanzu. Ƙungiyar Farfesa Jing Li a Jami'ar Rutgers ta Amurka ta daɗe tana haɗa hodoji daga jan ƙarfe da aidin. A 2018 masu bincike a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Huazhong da ke Wuhan sun sanar da wani sinadari guda wanda shi kaɗai yake ba da fari mai ɗumi, babu dalma a cikinsa, yana mayar da kimanin kashi 86 cikin 100 na hasken da ya haɗiye, ya kuma yi aiki fiye da sa'o'i 1,000. Aiki ne mai kyau, sai dai da azurfa da indiyam aka yi shi, kuma babu mai arha a cikinsu. A 2022 wasu a Jami'ar Hiroshima suka ciro silikon daga ɓuntun shinkafa suka yi ƙaramar fitila mai haske ja-ja da shi. Wannan ya burge ni, ganin tulin ɓuntun da ake ƙonawa a bayan injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi. Akwai kuma masu dafa ɓawon 'ya'yan itace da sauran tarkacen gona su samu ƙananan ɗigon kabon masu ƙyalli. Matsalar waɗannan ɗigo ita ce suna haske sosai a cikin ruwa, amma da an busar da su sun cure wuri ɗaya sai hasken ya dushe.

Sa'o'i 1,000 abin murna ne a dakin gwaji. A kasuwa kuwa ƙwan LED na kirki ana sa ran ya yi sa'o'i 15,000 zuwa 25,000 ko fiye, hodar da ke cikinsa tana zaune a kan zafin da kan haura digiri 100. Abin da ya sa YAG ta yi kusan shekara 30 ba a ture ta ba ke nan: ba ta damu da zafi ba, ba ta damu da laima ba, ba ta narkewa a ruwa.

A nan ne nake ganin masu ɗoki suke kuskuren lissafi. Wani nazari da ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar a 2012 ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na makamashin da ƙwan fitila ke ci a duk rayuwarsa yana tafiya ne a lokacin da yake kunne, ƙerawa da jigila su raba ɗan ragowar. Hodar da ke cikin ƙwai guda kuwa ba ta kai cikin ƙaramin cokali ba, ta yi ƙasa da haka sosai, kuma ma'adinin da LED ke ci bai kai wanda doguwar fitila ke ci ba kafin ta ba da haske daidai da nasa. Saboda haka idan aka kawo sabuwar hoda daga ɓawon lemo amma haskenta ya gaza na YAG da kashi 20 cikin 100, dole a ƙara wuta kafin ɗaki ya yi haske yadda aka saba, kuma wannan ƙarin wutar daga gawayin tashar lantarki ko fetur ɗin janareto zai fito, dare bayan dare, shekara da shekaru. Garin gyaran gira an rasa ido. Sinadarin da ya fito daga tsiro ba ya zama mai tsabta don asalinsa kawai, sai ya yi aikin da aka ɗauke shi ya yi.

Inda na fi tsayawa da ƙarfi shi ne kan dalma da kadmiyam, ƙarafa biyu masu guba. Cikin abubuwan da suka fi ba da launi mai kyau a dakin gwaji akwai wani dangin gishiri da ake kira ferobskayit, kuma mafi haskensu da dalma ake yin su. Haka ƙananan ƙwayoyin da ake kira ɗigon kwantam, waɗanda aka ba da kyautar Nobel ta 2023 a kansu, na farkon da suka yi suna da kadmiyam aka yi su. Masu kare su suna cewa abin kaɗan ne, kuma a rufe yake cikin roba ko gilashi. Wannan hujja tana aiki a garin da ake mayar da mataccen ƙwai kanti a jefa shi a akwati na musamman. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kashi 22 cikin 100 kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida, a Afirka kuwa bai kai kashi 1 ba. A wurinmu rufin roba yana ƙarewa ne ranar da aka fasa ƙwan da dutse don a ciro ɗan alminiyam ɗin ciki, ko ranar da aka cinna wa bola wuta. Dalmar da ke cikin ferobskayit kuma irin mai narkewa a ruwa ce, ruwan sama na farko zai tafi da ita.

Mu ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Dubbai suka rayu da dalma a jininsu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Na san yawan dalmar da ke cikin ƙwan fitila ba zai taɓa kusantar na waɗancan duwatsu ba, kuma ba na son a ɗauka ina daidaita su. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, kuma ƙwan fitila kaya ne da ake sayarwa biliyoyi, yana shiga kowane ɗaki. Tarayyar Turai ta ƙayyade dalma a kayan lantarki kada ta wuce kashi 0.1 cikin 100, kadmiyam kada ya wuce 0.01. Abin da nake tsoro shi ne kayan da ba su cika wannan sharaɗi ba su nemi kasuwar da ba ta tambaya.

An taɓa yin haka da zaiba. Doguwar fitila da ƙwan nan mai murɗaɗɗen jiki, wanda aka yi ta tallatawa a matsayin mai tsimin wuta, kowannensu yana ɗauke da 'yan miligiram na zaiba. Sun rage shan wuta da gaske, amma an rarraba su ko'ina ba tare da an tanadi inda za a kai su in sun mutu ba, yara suna wasa da fasassun dogayen fitilu a kan juji. Abin alfahari shi ne ƙasashen Afirka ne suka haɗa kai suka kai ƙudurin a daina ƙera su gaban taron Yarjejeniyar Minamata, yarjejeniyar da ta ci sunan garin Japan inda zaibar wata masana'anta ta nakasa mutane a shekarun 1950. A taron Bali na 2022 aka amince a daina ƙananan ƙwayayen zuwa 2025, a taron Janiba na 2023 aka sa wa dogayen wa'adin 2027. Najeriya da Nijar da Ghana duk suna cikin yarjejeniyar. Wannan ya nuna cewa mai saye ma yana da murya idan ya yi magana da wuri. Da zaiba mun yi magana bayan ta cika gidaje. Da dalma muna da damar yin magana tun kayan bai bar dakin gwaji ba.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai, wanda da wuya a ji shi a taron masana hoda. Yawancin ƙwayayen LED da ke mutuwa a gidajenmu hodarsu lafiya lau take. Abin da ke lalacewa shi ne ɗan allon da ke gindin ƙwan, mai daidaita wutar da ke shigowa, musamman wata 'yar gwangwani da masu gyara ke kira kafasito. Ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwarta da rabi. A haɗa wannan da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, da ɗaki mai rufin kwano, da wutar da ke hawa tana sauka, da mai ƙera da ya rage alminiyam ɗin da ke janye zafi don ya karya farashi. Ƙwan da aka rubuta wa shekaru a kwali sai ya fara ƙyaftawa kafin damina ta zagayo. Duk ƙwan da ya mutu da wuri, itiriyam ɗinsa da galiyam ɗinsa da jan ƙarfensa da robarsa sun tafi bola tare, sai an sake haƙo wasu. Ƙwai ɗaya da ya yi shekara 10 da tsohuwar hoda ya fi sauƙi ga tsaunukan Kachin a kan guda 10 masu sabuwar hoda da kowanne ya yi shekara guda.

Gajeren rai a ƙwan fitila ma yana da tarihi. A 1924 manyan masu ƙera ƙwai na duniya, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Janiba suka ƙulla yarjejeniyar da aka sani da Phoebus, suka ƙayyade rayuwar ƙwai a sa'o'i 1,000, suna cin tarar duk kamfanin da nasa ya wuce haka. Yau ba a buƙatar irin wannan taro. Gasar araha kaɗai tana yin aikin, domin mai saye a kasuwa ba shi da hanyar gane ƙwai mai ƙarko daga kwalinsa, sai ya ɗauki mai sauƙin kuɗi, mai kaya mai kyau kuma ya rasa ciniki. Ban ga laifin talakan da ya sayi na araha ba, da kuɗin da ke aljihunsa ya yi lissafi.

Saboda haka ina ganin rabonmu a wannan aiki ya fi ƙarfin jira a ƙirƙiro a kawo mana. Ba lallai sai mun yi gasa da Wuhan wajen haɗa sabon sinadari ba, kodayake ɗalibin kimiyyar sinadarai a Zariya ko Kano da ya ɗauki ɓuntun shinkafa da muhimmanci ya cancanci a tallafa masa. Abin da muke da shi wanda su ba su da shi shi ne yanayin gwaji na gaskiya: zafi, ƙurar hunturu, laimar damina, wuta marar tabbas. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo da takwarorinta za su iya sayo ƙwayaye daga kasuwa kamar kowa, su kunna su wata da watanni a ɗaki mai zafi, su auna hasken da wutar da kowanne ke sha, su nika matattun su duba ko akwai dalma ko kadmiyam, sannan su buga sakamakon da sunan kowane samfuri, da Hausa, a karanta a rediyo. An yi makamancin wannan da fitilun sola a ƙarƙashin shirin Lighting Africa na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2007, kuma ya taimaka wa masu saye su bambance na kirki da na banza.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, wato SON, da hukumar kare muhalli ta NESREA suna da hurumin sa doka a kan abin da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa. Ina so su rubuta tun yanzu cewa ƙwan fitilar da hodarsa ke ɗauke da dalma ko kadmiyam ba zai shigo ba, komai kyan haskensa. Ina so a tilasta wa mai shigo da kaya ya ba da garanti na aƙalla shekara biyu wanda mai kanti zai mutunta, a kuma fifita fitilun da ake iya buɗewa a canza allon gindinsu, domin masu gyaran rediyo da waya da za su yi wannan aiki suna nan a kowace kasuwa. Masu shigo da ƙwayayen kuma su ɗauki nauyin karɓar matattun, ko da ta hanyar biyan 'yan jari-bola wani abu ne a kan kowane ƙwai da suka kawo ba a fasa ba.